Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Martani Ga Mai Yi Wa Manoman Bakalori Bulala Da Japan

Kwanakin baya wani marubuci ɗan jiharmu ya fitar da dogon rubutu a kan ƙasar Japan. Ba zan kama sunansa ba, domin da maganarsa nake rigima, ba da shi ba. Kuma ba shi kaɗai ke yin ta ba. Kusan duk ɗan bokon da takaicin ƙasar nan ya ishe shi, idan ya tashi yi mana faɗa, da Japan yake buɗe baki.

Ga abin da Malam ya ce, kuma zan yi ƙoƙari kada in rage masa ko ƙwayar zarra. Japan tsibirai ce, ba fetur, ba ma'adinan kirki, duwatsu sun cinye mafi yawan ƙasarta. An jefa mata bama-baman nukiliya biyu a 1945, amma kafin 1970 ta tsere wa kowace ƙasar Turai ta Yamma a tattalin arziki. Sirrin, a ganinsa, hali ne: kiyaye lokaci, tsafta, kunya, da bin na gaba ba gardama. Ya kawo 'yan kallon ƙwallonsu da suka tsaya tsintar shara a filin wasa a Qatar a 2022. Ya kawo kamfanin jirgin ƙasa da ya nemi gafara a 2017 saboda jirginsa ya tashi da daƙiƙa 20 kafin lokaci. Ya kawo yaran makaranta masu share ajinsu da kansu, da ministocin da ke ajiye aiki idan sun yi abin kunya. Daga nan ya juyo gida, ya ɗora yatsa a kan madatsar ruwa ta Bakalori. Gwamnati, in ji shi, ta zuba dukiya ta kawo wa mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ruwa har bakin gona, suka saka mata da tare hanya da ƙin sabon noma, suka zuba ido famfunan feshi suka lalace, magudanai suka cushe. Da Japanawa aka bai wa wannan dam, wai da yanzu Zamfara ke ciyar da Afirka ta Yamma. Saboda haka mu daina zagin gwamnati, mu gyara halinmu.

Misalan da ya kawo sun faru, ban musa ba. Ba na kuma kare wanda ke zuba shara a magudana, ko mai zuwa taron ƙarfe goma da azahar. Inda muka raba hanya shi ne wurin da ya mayar da waɗannan abubuwa gadon jini, sannan ya ɗauke su ya tsula wa manomin da aka zalunta.

Mu fara da tambayar da bai yi wa kansa ba: wa ya zana masa wannan Japan ɗin? Littafin da ya fi kowane yaɗa batun cewa Japanawa al'ummar kunya ce da biyayya, wata Ba'amurkiya ce mai suna Ruth Benedict ta wallafa shi a 1946. Gwamnatin Amurka ce ta sa ta aikin lokacin yaƙi, don ta fahimci abokan gaba. Matar nan ba ta taɓa taka ƙasar Japan ba, ba ta kuma jin harshensu. Daga littattafai da fina-finai da hira da Japanawan da ke zaune a Amurka ta haɗa hotonta. Hoton ya yi kyau, ya shiga duniya, ga shi ya iso har Zamfara.

Abin dariyar shi ne, baƙin da suka riga ta, waɗanda suka je da ƙafarsu, wani hoto daban suka kawo. Wani hafsan sojan ruwa ɗan ƙasar Holan, Willem van Kattendijke, da ya koyar a Nagasaki daga 1857 zuwa 1859, ya cika littafinsa da kukan cewa Japanawa ba su san cika alkawarin lokaci ba. Masanin tattalin arziki ɗan Koriya, Ha-Joon Chang, ya tono labarin wani ƙwararre ɗan Ostareliya da ya zaga masana'antun Japan a 1915, ya yanke hukunci cewa ma'aikatansu 'yan sannu-sannu ne, lokaci bai dame su ba. Manajojin kuma suka amsa masa cewa halin gado ne, ba ya canzuwa. Malam, ka ji maganar da kyau? Ashe irin rubutunka an taɓa yin sa, a kan mutanen da kake yabo. Sai da ta kai Japan ta ware ranar 10 ga Yuni, tun daga 1920, ta zama ranar tunatar da jama'a muhimmancin lokaci. Al'ummar da aka haifa da agogo a ciki, me za ta yi da ranar wa'azin agogo?

Tsaftar ma haka. A 1965 ƙudaje daga jujin birnin Tokyo suka mamaye unguwannin da ke kusa har sai da aka kira sojoji suka taimaka. A 1971 gwamnan birnin, Minobe Ryokichi, ya fito ya shelanta yaƙi da shara, kuma mutanen wata gunduma suka riƙa tare motocin sharar wata gundumar, suka ce ba za a ƙara jibge musu ƙazantar masu kuɗi ba. Tsaftar da Malam ya gani a talabijin gina ta aka yi, da kuɗin haraji, da motocin kwasa masu zuwa a ranar da aka ce, da ruwan famfo, da malamin makaranta mai albashi.

Sai batun biyayya, wanda shi ne ginshiƙin rubutun nasa. A nan ne na fi mamaki, domin manomin Japan yana cikin manoma mafiya taurin kai da tarihi ya sani. A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603 zuwa 1868, masana tarihinsu sun ƙidaya dubban boren manoma a kan haraji. Da gwamnati ta kawo dokar tilasta karatun zamani a 1872, ta ɗora wa iyaye kuɗinsa, a shekarar da ta biyo baya ƙauyawa suka cinna wa makarantu da dama wuta. Yaran da ke zuwa aji a lokacin ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Da aka soke kuɗin makarantar firamare a 1900, cikin 'yan shekaru adadin ya haura kashi 90. Halin ne ya canza dare ɗaya, ko kuwa nauyin ne aka sauke? A 1918 kuma matan masunta a lardin Toyama suka hana a loda shinkafa a jirgi saboda tsada, wutar ta bazu ƙasa baki ɗaya, gwamnatin Terauchi ta faɗi.

Amma wanda nake so mutanen Mafara su ji shi ne labarin Narita, babban filin jirgin saman da baƙo ke sauka idan ya nufi Tokyo. A Yulin 1966 majalisar ministocin Sato Eisaku ta yanke cewa za a gina filin a ƙauyukan Sanrizuka, a lardin Chiba, ba tare da an zauna da masu gonakin ba. Da yawansu talakawa ne da suka sare daji bayan yaƙi suka mai da shi gona da hannunsu. Ba su sunkuya sun ce to ba. Mata suka ɗaure kansu da sarƙa a jikin itatuwa, tsofaffi suka kafa rundunarsu, aka haƙa ramuka a ƙarƙashin gonaki aka shige, aka riƙa watsa wa 'yan sanda kashin taki. Ɗalibai masu tsattsauran ra'ayi suka shigo, abin ya ƙazanta, a Satumbar 1971 'yan sanda uku suka mutu a rana ɗaya. A Maris na 1978, ana saura kwanaki a buɗe filin, masu bore suka haye hasumiyar kula da jirage suka farfasa na'urorin. Filin da aka so buɗewa a farkon shekarun 1970 sai a Mayun 1978 ya buɗe, da titin jirgi guda ɗaya tak. Na biyun sai a 2002, shi ma a gajarce, don gonakin waɗanda suka ƙi tashi suna kan hanya. A 1995 Firaminista Murayama Tomiichi ya nemi gafarar manoman a madadin gwamnati. Har yau akwai gonar da ake nomawa a tsakiyar harabar filin, jirage na wucewa ta kanta.

Ban kawo wannan don in yabi zubar da jini ba. Na kawo shi ne saboda shekarar. A 1978 ɗin da Narita ya buɗe, a ita aka gama ginin madatsar Bakalori.

Yaran yanzu ba su san labarin ba, tunda ba a koyar da shi, don haka bari in tsaya a kansa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi nazarin kwarin kogin Sakkwato, kuma a rahotonta na 1969 ta ba da shawarar a yi ƙaramin aiki, a bi a hankali, kada a birkita noman da mutane suka gada. Sai kuɗin fetur ya zo. Gwamnatin soja ta miƙa aikin ga kamfanin Impresit Bakolori, haɗin gwiwar gwamnati da wani reshe na kamfanin Fiat na Italiya. Ɓangaren da ya tsara girman aikin, shi ne kuma ya ci kwangilar gina shi, saboda haka ba mamaki da ƙaramin aiki ya kumbura ya zama dam mai tsawon sama da kilomita 5, da tafki mai faɗin hekta 8,000, da filin ban ruwa na hekta 23,000, wanda 15,000 daga ciki da famfunan feshi za a shayar. An fara a 1974 ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Wa aka tambaya a Maradun? Wane manomin Bakura aka nuna wa taswira?

Ruwan tafkin ya haɗiye gidaje da gonakin fadama na dubban mutanen ƙasar Maradun, aka kwashe su aka zube a kan tudu mai tsakuwa. A ƙasan dam kuwa, inda za a yi ban ruwan, katafila ta shiga gonaki don a baje ƙasa. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da wannan ke nufi. Gona ba fili ba ce kawai. Akwai ɗorawar da ake jira kowace bazara, da kukar miya, da tsamiyar da ta raba iyakar wane da wane tun zamanin kakanni, da ƙasar sama da aka shekara ashirin ana kai wa taki a kan jaki. Katafila ta tuge itatuwan, ta kankare ƙasar saman, ta shafe iyakokin. Aka hana mutane shuka, wasu damina biyu, wasu fiye, ana jiran ɗan kwangila ya gama. Da aka zo mayar da gonaki, wani ya samu ƙasa da tasa, wani ya samu a inda bai sani ba, wani bai samu ba. Diyya ta maƙale a hanya, abin da ya fito ma ya bi ta hannaye da yawa. Sannan aka ce ga abin da za ka shuka, alkama, ga ranar da za ka shuka ta. Can ƙasa kuma, fadamun da ke rayuwa da ambaliyar damina suka daina samun ta yadda suka saba, noman shinkafa da su suka ja baya. Wani masani daga Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan ya rubuta wannan asara dalla-dalla.

To me Malam yake so mutumin da aka yi wa haka ya yi? Ya sunkuya ya yi godiya? Manoman sun kai kuka inda ake kai kuka. Da ba a ji ba, suka tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani motsi. A Nuwambar 1979 gwamnan jihar Sakkwato na lokacin, Shehu Kangiwa, ya yi musu alkawarin share musu hawaye. A ƙarshen Afrilun 1980, a zamanin mulkin farar hula na Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye, suka buɗe wuta, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike da suka bi diddigi sun kai lissafin sama da 380.

Ga manoma biyu ke nan, a shekaru kusan ɗaya, kowanne an ɗauke masa gona ba shawara, kowanne ya tare hanya. Na Chiba ya ja gwamnatinsa shekara kusan talatin har ta zauna da shi a teburi ta ce ta yi kuskure. Na Birnin Tudu aka harbe shi, aka binne, aka rage lissafin gawarsa, yau kuma jikansa na karanta cewa rashin tarbiyya ce ta hana kakansa cin moriyar dam. Idan akwai bambancin hali a wannan labari, Malam, a wajen masu riƙe da bindiga yake.

Yanzu mu zo ga abin da ya tayar da manomin Japan da gaske, tunda Malam ya tsallake shi. Kafin yaƙi, kusan rabin ƙasar noman Japan haya ce, ɗan haya na miƙa wa mai gona kusan rabin shinkafar da ya girbe. Daga 1947 zuwa 1950, ƙarƙashin mamayar Amurka, gwamnati ta saye kimanin hekta miliyan 1.9 daga hannun manyan masu ƙasa ta sayar wa masu noma ta a kan kuɗi kaɗan. Ƙasar haya ta sauko daga kashi 46 zuwa wajen kashi 10 cikin 100. A 1949 aka yi dokar inganta ƙasar noma, wadda ta ce ba a fara aikin ban ruwa a yanki sai kashi biyu cikin uku na manoman da abin ya shafa sun amince, kuma ƙungiyarsu ce ke zaɓen shugabanninta, ta karɓi kuɗin ruwa, ta raba shi, ta gyara magudanai. Mu kuwa a 1978, shekarar nan dai, sai muka yi dokar da ta damƙa ƙasa baki ɗaya a hannun gwamna.

Dubi magudanar Aichi, wadda za a iya cewa ita ce Bakalorinsu. Yankin Chita wuri ne mai ƙarancin ruwa, fari ya gallabe su a 1947. Wani manomi, Kuno Shotaro, da wani malamin makarantar noma, Hamajima Tatsuo, suka bi ƙasa da ƙafa suna zana hanyar da za a jawo ruwan kogin Kiso, suka bi ƙauyuka suna shawo kan jama'a, sannan suka kai wa Firaminista Yoshida Shigeru. Aka ciwo bashin Bankin Duniya, aka haƙa babbar magudana mai kilomita 112, ruwa ya gudana a 1961. Daga gona maganar ta tashi ta hau sama. Tamu daga Legas da Italiya ta sauko, a bayan katafila. Mutum yana gyara abin da ya san nasa ne. Famfunan feshin Bakalori kuwa na hukuma ne, da lantarki suke aiki, kayan gyaransu sai an yo odar su daga Turai da kuɗin waje. Da darajar naira ta faɗi a shekarun 1980, kasafin hukuma ya tsuke, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wane manomi aka taɓa bai wa makullin gidan injin, balle a ce ya yi sakaci da shi?

Idan kuma ana neman shaidar ƙwazo, ba sai an je Tokyo ba. A fita fadama a watan Janairu kafin a kira assalatu. Za a tarar da mutum tsaye cikin ruwa, sanyin hunturu na yanka ƙafa, ya ɗauko ƙaramin injin ban ruwa a bayan babur, ya haɗa tiyo, yana jan igiya har injin ya tashi, sannan ya bi kwami-kwami yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya yana toshewa. Injin nan, sau da yawa, Honda ne ko kwaikwayonsa. Ba wanda ya yi masa taron bita kafin ya karɓe shi. Ya ga yana da amfani, ya ga ya fi jigo, ya sayar da akuya ya saya, ya koyi kwance shi da ɗaure shi a gindin bishiya. A gida matarsa na kan tukunyar turara shanshera tun safe, hayaƙi na cin idonta, don shinkafar ta kai kasuwar Talata. Wannan ne mutumin da aka ce yana ƙin sabon abu? Fasahar Japan da ta zo daidai aljihunsa, ta zama mallakarsa, ai da hannu biyu ya karɓe ta. Wadda ya ƙi ita ce wadda ta zo da ɗan sanda.

Kuma a wane hali yake wannan noman? Rubutun Malam bai ambaci 'yan bindiga ba ko sau ɗaya, kamar a wata Zamfarar yake zaune. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara. A Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Noma ta Bakura aka ɗebi ɗalibai da ma'aikata. A Satumba aka kwashe yara sama da 70 a Kaya, ƙasar Maradun. Ƙauyuka da yawa sai sun biya ɓarayin daji kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. A ɗauko manomin Japan mafi ƙwazo, a ce masa ya biya haraji biyu, ya yi dashe yana waiwaye, ya kwana da takalmi a ƙafa, sannan a zo a auna mana buhunansa.

Saura maganar shugabanni masu kunya. Gaskiya ne a Mayun 2025 ministan noma Eto Taku ya sauka bayan ya yi ba'ar cewa shi bai taɓa sayen shinkafa ba, magoya baya ke ba shi, alhali farashinta ya ninka. Amma kunya ce ta sauke shi, ko zaɓen majalisar dattawa da ke tafe cikin wata biyu? Ina kunyar take a Minamata, inda aka gano cutar gubar masana'anta a 1956, yara na shanyewa, gwamnati ba ta amsa cewa daga kamfanin Chisso take ba sai 1968? Ina take lokacin da kotu ta samu tsohon Firaminista Tanaka Kakuei da laifin cin hancin kamfanin Lockheed a 1983, bayan wata biyu mutanen mazaɓarsa suka ba shi ƙuri'a sama da 220,000, saboda ya kawo musu hanya da jirgin ƙasa? Mu da muka san siyasar uban gida, wannan ai ɗan gari ne. Abin da Japan ke da shi ba mala'iku ba ne. Kotu ce da talaka zai iya kai kamfani ya yi nasara, da jarida mai naci, da ƙuri'ar da ake ƙirgawa.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki: bulalar Malam ta zaga kan kowane manomi, amma ba ta taɓa babbar riga ko ɗaya ba. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku ne suka mulki Zamfara: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Na san za a ce dam ɗin na tarayya ne, kuma haka ne. Amma duk da haka babban gyaran da Bakalori ta gani sai da aka jira bashin Bankin Duniya na shirin TRIMING da aka amince da shi a 2014. Idan za a yi wa'azin kunya, me ya sa aka fara daga mai fartanya?

A matsayin tsokaci, mu ma gwamnatinmu ta taɓa hangen Japan daga nesa ta ga abin da babu. A Agustan 2025, a taron Japan da Afirka a Yokohama, hukumar JICA ta Japan ta haɗa biranen ƙasar huɗu da ƙasashen Afirka huɗu don zumunci, aka haɗa birnin Kisarazu da Najeriya. Sai sanarwa ta fito daga Abuja cewa za a ba matasanmu biza ta musamman. Japan ta ƙaryata. Su kuma can wasu suka ɗauka an sayar da garinsu ga baƙaƙen fata, suka hana wayoyin ofishin birnin hutawa da zagi da ƙorafi, har JICA ta soke shirin a Satumba. Mu muka hango aljanna, su suka hango mamaya, kowa ya ga abin da ke ransa. Kisarazu ɗin nan kuwa a lardin Chiba take, lardi ɗaya da manoman Narita.

Ni ban ce kada a koyi komai daga Japan ba. Cewa na yi a ɗauko abin da ya yi aikin, a bar hoton talabijin. Bidiyon tsintar shara ba ya cin kowa komai, shi ya sa manya ke son sa. Yana mai da laifi kan talaka, ya bar mai ofis ya yi barci. Dokar kashi biyu cikin uku kuwa tana cin iko, shi ya sa ba ka taɓa jin ta a bakin masu yi mana wa'azin Japan.

Saboda haka, Malam, ga roƙona, kuma alƙalaminka ya fi nawa kaifi. Ka sake rubutu. Ka nemi ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka kafa a Bakalori su zama na manoma da gaske, su zaɓi shugabanninsu ba a naɗa musu ba, a karanta musu lissafin kuɗin ruwa a bainar jama'a kowace kaka, kuma kada a ƙara taɓa gonar kowa da sunan gyara sai masu gonakin sun yarda. Ka nemi a tsare hanyar gona kafin a nemi buhu. Sannan ka je Birnin Tudu tun sauran dattawan da suka ga Afrilun 1980 suna raye, ka zauna a ƙasa, ka rubuta sunayen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya, ka buga. Gwamnatin Japan ta nemi gafarar manoman Narita. A cikin rubutun naka na gaba, ka tambayi tamu yaushe za ta nemi ta mutanen Bakalori.